Zuwa ga Iyaye: Yaranmu Masu Son Karatun Wasan Kwaikwayo a Jami'a

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Da fatan sanyin Jos na bana ya same ku lafiya.

Tun farkon zangon nan, wata ƙwararriyar mai ba da umarni, wadda ta daɗe tana shirya wasannin dandamali a garin nan, take zuwa mana duk Laraba bayan an tashi. Tana zama da 'yan SS2 da SS3 masu burin karanta wasan kwaikwayo a jami'a. Wasunku sun tako har ofis suna tambaya: "Malam, wasa ma sai an je jami'a? Me yaro zai ci da shi?" Tambaya ce ta mai kishin ɗansa, ta kuma cancanci amsa.

Digiri ne na shekara 4 kamar sauran. Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo da fina-finai, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Abuja duk suna koyar da fannin. Mu mutanen Jos ma gaba ta kai mu, domin a nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, da cibiyarta ta koyon aikin fim, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield. Kuma ba kowa ne yake ƙarewa a gaban kyamara ba. Akwai marubuta, da masu tsara fitilu da sauti, da masu sutura, da waɗanda suke shiga rediyo ko koyarwa ko wasannin wayar da kan jama'a kan lafiya da zaman lafiya.

Da kun leƙo zauren taronmu ranar Laraba, da kun ga aikin. Malamar takan koma can ƙarshen zaure ta zauna, ta sa yaro ya hau dandamali ya faɗi jimla guda, ba makirufo. Idan ƙarshen maganar ya shige masa ciki, sai ta ce, "Ban ji ba, sake. Daga ciki za ka jawo numfashi, ba daga maƙogwaro ba." Akwai wata 'yarmu da ko amsa tambaya a aji nauyi yake yi mata. Malamar ba ta tilasta mata fitowa ba, sai ta miƙa mata littafi da biro ta ce ta riƙa rubuta inda kowa zai shigo, da inda zai tsaya, da lokacin da za a kashe fitila. Yanzu ba a fara gwaji sai yarinyar ta ce an shirya.

Abin da ya fi damun malamar shi ne takardu. Yaro zai iya zama gwani a dandamali, amma in ba shi da kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci da Adabin Turanci, ƙofa a rufe take. A JAMB ma sai ya zauna Turanci da Adabin Turanci da wasu darussa 2 da jami'ar ta amince da su. Wanda ya yar da adabi tun SS1 ya wahalar da kansa, shi ya sa take bin sakamakon kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, tana kuma buɗe musu kundin JAMB su karanta sharuɗɗan kowace jami'a da idonsu kafin a je cike fom.

Mun san wasu suna jin tsoro saboda tarbiyya, musamman iyayen 'ya'ya mata, kuma muna tare da ku a wannan. Kowane zama akwai malamanmu a wurin, mace da namiji. Ana tsayawa a yi sallar La'asar, ana kuma sallamar yara kafin ƙarfe 5. Duk wasan da za a yi sai mun karanta shi tukuna, kuma ba a saka yaro sai da sa hannun iyayensa. Ba a biyan ko kwabo.

A taron iyaye da malamai mai zuwa malamar za ta halarta, yaran kuma za su nuna ɗan gajeren wasan da suka rubuta da kansu. Muna roƙo ku zo da tambayoyinku ku yi mata kai tsaye. Iyayen 'yan JSS3 ma ku zo, tunda yaranku ne za su zaɓi darussa nan ba da daɗewa ba.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, amin.

Shugaban Makaranta