Wasiƙa ga abokan cinikinmu game da simintin ƙashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Likitocin ƙashi, ranku ya daɗe. Ma'aikatan ɗakin tiyata, masu kula da sito a asibitoci, da 'yan'uwan majinyata da ke shigowa shagonmu da takarda a hannu, muna gaishe ku da ƙoƙari. Waɗanda ke kwance kuma, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne wata tambaya da ta yi yawa a shagonmu kwanakin nan. Mutum zai shigo ya nuna mana bidiyo a WhatsApp, ya ce yana neman simintin da ake yi wa gwiwa allura guringuntsi ya dawo sabo. Galibi ba don kansa ba ne. Mahaifiyarsa ce ta daɗe tana salla a kan kujera, sujada ta gagare ta, an kuma ce masa sai an canza gwiwar, kuɗin ya fi ƙarfinsa. Muna jin zafin abin, domin mu ma muna da iyaye. Sayar da siminti na cikin abin da muke ci da shi, amma gaskiya ita ce babu simintin da ke tsirar da guringuntsi, a shagonmu ko a wani shago. Aikinsa a ƙashi yake.

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin gwiwa kaurinsa yawanci milimita 2 zuwa 4 ne. Fari ne, mai santsi, babu hanyar jini a cikinsa, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa. Shi ya sa karaya takan haɗe, amma guringuntsi idan ya cinye ba ya tofowa yadda yake a da. Tun a 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta hakan, kuma har yau likitoci na fama da matsalar. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin da ke ɗauke da shi. Kamar daɓe ne da cikon da ke ƙasansa: idan ciko ya zaftare daɓe zai tsage, amma sake cike ƙasan ba zai liƙe daɓen da ya riga ya farfashe ba. To, wajen cikon nan ne siminti ke da amfani, kuma amfanin ba ƙarami ba ne.

Iri biyu muke kawowa. Na farko shi ne wanda kowa ya sani a tiyata, PMMA, dangin roba ne, irin wanda likitocin haƙori suka daɗe suna aiki da shi. Likita John Charnley ya yi nasarar kafa ƙarfen kwatangwalo da shi a Ingila a ƙarshen shekarun 1950, kuma a kansa aka gina aikin canjin gaɓa da ake yi yau. A 1970 Buchholz da Engelbrecht a Jamus suka nuna ana iya haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, asalin mai jentamaisin ɗin da kuke yawan oda ke nan. Fakiti ɗaya yawanci gari ne giram 40 da ruwa mililita 20 a kwalbar gilashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tiyata ya san lokacin: nas ta fasa kwalbar, warin ya cika ɗakin, ta kwaɓa, da farko yana kama safar hannu yana jan zare, can sai ya daina kamawa. Daga nan likita 'yan mintoci kaɗan gare shi ya cusa shi ya zaunar da ƙarfe. Nas takan riƙe ɗan curi a tafin hannunta, idan ya ɗauki zafi ya yi tauri an san na ciki ma ya kama. Ba manne ƙarfe da ƙashi yake yi ba. Shiga yake cikin ƙananan ramukan ƙashi ya daskare, ya cike tsakani, ya raba nauyi. Jiki ba ya narkar da shi, ba ya kuma zama ƙashi.

Zafin nan da yake fitarwa ba abin wasa ba ne. Ƙa'idar duniya ta ingancin wannan siminti, ISO 5833, ta yarje masa har digiri 90 a gwaji, ko da yake a jiki bai kai haka ba, saboda jini da ƙarfe na ɗauke zafin. Don haka ne idan aka kwashe ƙari daga ƙashin da ke dab da gwiwa za a cike ramin da PMMA, wasu likitocin kan fara shimfiɗa ɓarɓashin ƙashi a ƙarƙashin guringuntsi don kada zafin ya taɓa shi. Abin da ake kare guringuntsi daga gare shi, ta yaya za a ce shi ne maganinsa?

Na biyu shi ne simintin kalsiyam fosfet, wanda Brown da Chow suka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1980. Wannan ya fi kusa da abin da ake gani a bidiyoyin. Idan ya daskare yana komawa irin sinadarin da ke cikin ƙashin mutum, zafinsa kaɗan ne, ana iya tura shi ta sirinji, kuma a hankali jiki na cinye shi yana maye gurbinsa da ƙashi, ko da yake hakan kan ɗauki shekaru. Muna son wannan siminti ƙwarai. Ɗan acaɓa ya faɗi, saman ƙashin ƙwaurinsa ya lotsa ciki, likita ya ɗago wurin ya daidaita shi, sai rami ya rage a ƙasa: a nan yake nuna kansa, ya tallafe guringuntsin da ke da sauran lafiya har ƙashi ya warke. Amma yana da gautsi, ba ya jure lanƙwasa, dole da faranti da kusoshi. Akwai kuma aikin da ake tura shi cikin ƙashin da ya yi rauni a ƙarƙashin gwiwa mai amosanin gaɓa, bayan hoton MRI ya nuna wurin. Wasu suna samun sauƙin ciwo. Guringuntsin dai yana nan yadda yake, kuma gwiwar da ta riga ta karkace, ƙashi na gogar ƙashi, ba ta cikin waɗanda ake yi wa wannan aiki.

Gyaran guringuntsi kansa hanyarsa daban ce: huda ƙashi don ɓargo ya fito ya rufe wurin, ko ɗebo ɗan guntun ƙashi da guringuntsinsa daga gefen da ba ya ɗaukar nauyi a dasa, ko rainon ƙwayoyin guringuntsin mutum a ɗakin gwaji a mayar masa, kamar yadda likitoci a Suwidin suka bayyana a 1994. Duka na ƙaramin rauni ne, yawanci ga matashi. Masu bincike na ƙoƙarin haɗa abu mai hawa biyu, ƙasa na ƙashi sama na guringuntsi, kuma muna bin labarin da sha'awa. Ranar da ya tabbata ya samu rajista, za ku ji daga bakinmu.

Iyayen masu sikila, ku ma kuna yawan tambaya. Idan jini ya yanke wa kan ƙashin kwatangwalo, lokacin da ake iya ceto shi shi ne kafin ya burma. Ɗanku ya fara ɗingishi ko kukan ciwon matsematsi, ku kai shi wurin likitan ƙashi da wuri, a asibitin ƙashi na Dala ko duk asibitin da ya fi muku kusa. Idan har ta kai ga canji, likitoci da yawa sun fi zaɓa wa matasa ƙarfen da ba ya buƙatar siminti. Mun faɗi wannan duk da ba cinikinmu yake ƙarawa ba.

Saboda duk wannan, daga yanzu ba za mu sayar wa kowa siminti ba sai da takardar likitan ƙashi, wadda ta faɗi irinsa, mai kauri ne ko mai ruwa-ruwa, da magani ko babu, da fakiti nawa. Wanda ya zo ba takarda kada ya ji haushi, za mu zauna mu yi masa bayani, amma ba zai fita da kwali ba.

Sai maganar zafin gari, wadda ta fi damun mu da masu sito. Yawancin kamfanoni sun rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25, nesa da rana, ga Kano kuwa a watan Afrilu takan haura 40. Simintin da ya ɗumama saurin daskarewa yake yi, mintocin da likita ya saba da su su ragu bai sani ba, ƙarfe ya tsaya a rabin hanya. Mun taɓa ganin kwalin da ya yini a bayan mota aka dawo mana da shi ana neman canji. Ba mu karɓa ba, ba kuma za mu karɓi irinsa ba, domin ba za mu iya miƙa shi ga wani majinyaci ba. Ɗakin ajiyarmu yana kan sola, na'urar sanyayawa ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta, kuma a akwatin sanyi muke kai muku. Muna roƙon ku shigar da shi ɗakin tiyata tun da wuri ya daidaita da yanayin ɗakin, ku kuma duba jadawalin lokaci da ke takardar cikin kwali, don kowane kamfani da nasa. Kada a haɗa garin wani kamfani da ruwan wani, kada a raba fakiti ɗaya wa mutum biyu. Ruwan yana kama wuta. Kafin ku sa hannu a kan takardar karɓa, ku duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar ƙarewa, mu ma muna rubuta su a rasit don a iya bin sawu idan wani abu ya taso.

Farashi yana bin dala kamar yadda kuka sani, duk sanda ya motsa za mu sanar da ku kafin ku yi oda. Aikin da aka tsara, ku ba mu mako guda. Na gaggawa, kamar tsohon da ya faɗi ya karya wuyan ƙashin cinya, ku kira ko da dare ne, muna ware fakiti domin irin wannan.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu shagon kayan tiyatar ƙashi, Kano