A Daina Shafa Wa Kowace Cutar Fata Mai Iri Ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan ciwon fatar nan mai ɓawo-ɓawo, irin su kora, maƙero da soriyasis, wanda ke shekara da shekaru a jikin mutum ya ƙi tafiya. Ba ya kwantar da mai shi, amma yana hana shi sakewa cikin jama'a. Ni ba likita ba ne. Aski nake yi a Tudun Wada, Gusau, kuma mai aski yana ganin abin da hula ke rufewa.

Wanda na fi gani shi ne kora a kan yara, musamman almajirai da 'yan firamare. Gashi ya kakkarye a wuri guda, wurin ya yi zagaye, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa dusa. Ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira fangas, kuma ana ɗaukar ta ta kilifa, matsefi, hula da matashin kai, har ma daga kyanwa ko maraƙi. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne man shafawa ba ya kai wa ga saiwar gashi. Sai an sha magani, irin su griseofulvin, na mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaron. Na ga yaron da aka shafa wa man birkin mota a ka, fatar ta ƙone, korar tana nan. Wallahi ranar na kasa cin abinci. Maƙero na jiki ɗan'uwanta ne, shi kuwa man shafawa na clotrimazole ko terbinafine zalla na mako biyu zuwa huɗu yakan isa, in ba a tsaya a rabi ba.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne man nan mai haɗi uku da ake miƙa wa kowa a kemis. Ka nuna ƙurji, kafin ka rufe baki an ɗora maka shi a kan kanta. Jama'a su riƙa karanta kwali. In ka ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato maganin danne kumburi da ƙaiƙayi. Yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka ya samu lafiya, alhali fangas yana ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. Zoben maƙeron ya ɓace, kamannin ciwon su canza, har ma'aikacin lafiya ya sha wahalar gane shi. In an daɗe ana shafawa fata ta yi siriri, ta yi haske, nankarwa ta tsattsage a hammata da cinya. A jikin jariri ɓarnar ta fi haka.

Yayana manomi ne a wajen Bunguɗu. Nasa ciwon fatar ya fara ne a ƙeya, ya sauko gwiwar hannu da ta ƙafa, fata mai kauri, baƙi-baƙi, da ɓawo mai launin toka a sama. Faratansa suka yi ƙananan ramuka. Aka ce sammu ne, aka ce kuturta ce. Abokan da suke cin tuwo kwano ɗaya tun suna yara suka fara ware masa nasa, kuma wannan ya fi ciwon kansa cin ransa. Wani mai kemis ya yi masa allura, jikin ya washe, bayan 'yan makonni abin ya dawo ya ninka. Sai da muka je asibiti aka kankari ɓawon aka duba a na'ura, ba a ga fangas ba, likita ya duba kai da farata ya ce soriyasis ne.

Ya yi mana bayani cewa garkuwar jiki ce ke ingiza fata ta riƙa sabuntawa cikin 'yan kwanaki, maimakon kusan wata guda, sai ta taru ta yi ɓawo. Ba a ɗaukar sa ta gaisawa, ko cin abinci tare, ko kwanciyar aure. Ba shi da maganin da zai raba mutum da shi har abada, amma ana lallaɓa shi ya kwanta. Yanzu Yaya yana shafa basilin ko man kaɗe da zarar ya fito wanka, musamman da hunturu, lokacin da abin ke tashi. An ba shi mai na salicylic acid don sassauta ɓawon, da sitiroyid na ƙayyadadden lokaci. Masu tsanani akan ba su methotrexate tare da gwajin jini, kuma mai ciki ba ta shan sa. Wani abin da ya shafi sana'ata: duk inda fatar mai wannan ciwo ta ji rauni, sabon tabo na iya fitowa a wurin. Don haka na daina sa masa aska, kuma ina roƙon 'yan'uwana wanzamai kada su yi wa irinsu tsaga ko ƙaho a kan ciwon. Dirzawa da soso ma ƙara shi take yi. In gaɓoɓi suka fara ciwo da kumburi, a gaya wa likita, domin yakan taɓa su.

Kuturta kuwa daban take. Tabonta yakan fi sauran fata haske, yawanci ba ƙaiƙayi, kuma in an shafa auduga a wurin mutum ba ya ji. Ana warkewa, maganin kyauta ne, na wata shida ko goma sha biyu, kuma ƙananan hukumomi suna da jami'in tarin fuka da kuturta.

Duk ciwon fatar da ya wuce wata guda ana shafa mai bai tafi ba, a kai shi asibiti. Muna da Asibitin Tarayya (FMC) da Asibitin Yariman Bakura a nan Gusau, ga kuma Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta yi amfani da ranar 29 ga Oktoba, ranar soriyasis ta duniya, ta kawo likita gidan rediyo ya yi bayani da Hausa, a buɗe layi mutanen ƙauye su yi tambaya. Mu masu aski kuma mu riƙa share gashi daga bakin kilifa da buroshi, mu wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin mu ɗora a kan wani. In an kawo mana yaro mai kora, mu gaya wa uban ko malamin cewa maganin sha yake buƙata.

Na gode.

Mai shagon aski,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara