Da allura da kwali ma ana koya wa yara lantarki

Assalamu alaikum Edita.

Ina roƙon ka sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana malaman kimiyya da fasaha na firamare da ƙaramar sakandare, da iyayen yara, da masu ruwa da tsaki a harkar ilimi. A kan darasin lantarki zan yi magana. Shekara da shekaru muna zana wa yara da'irar wuta a allo: ga batir, ga waya, ga ƙwai, ga makunni. Su kwafa, su haddace, su shiga jarrabawa su ci. Amma miƙa wa ɗaliba batir da ƙwai ka ce ta kunna, sai ka ga ta tsaya tana jujjuya su a hannu. In aka tambaye mu dalili, amsarmu ɗaya ce, wato babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Gaskiya ne babu. To amma akwai hanyar da ba ta jiran ɗakin gwaji, ba ta buƙatar wutar NEPA ko kan soda na liƙa wayoyin wuta, kuma ni da ɗalibaina mata mun gwada ta mun ga amfaninta. Hanyar ita ce haɗa da'irar wuta a kan takarda ko a jikin ƙyalle.

Ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Amurka, wata masaniyar kwamfuta mai suna Leah Buechley ta fito da wani ɗan faifan lantarki mai suna LilyPad Arduino a shekarar 2007, wanda ake ɗinke shi a jikin tufa da zare mai ɗaukar wuta. Daga baya ta jagoranci wani rukunin bincike a jami'ar MIT, inda ɗalibarta Jie Qi ta mayar da hankali kan takarda, har ta haɗa kai da wasu suka kafa Chibitronics, masu yin ƙananan ƙwayayen fitila da ake mannawa kamar sitika. Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da Buechley da wani abokin aikinta suka fitar a 2010. Sun gano cewa mafi yawan ayyukan da aka yi da LilyPad aka baje a intanet mata ne suka yi su, alhali a ayyukan Arduino na yau da kullum, wato faifan da ake haɗawa da wayoyin wuta ba da ɗinki ba, mata ba su taka kara sun karya ba. Ilimin iri ɗaya ne. Kayan aikin aka sauya, sai ga mata sun shigo.

Mu a nan ba sai mun yi odar kayansu ba. Abin da ake buƙata shi ne batirin nan mai faɗi kamar kwabo da aka rubuta wa CR2032, irin na rimot ɗin mota da na'urar gwajin suga, mai ƙarfin bolt 3. Sai ɗan ƙwan LED, wanda kowace matacciyar tocilan da ke yashe a gida cike take da irinsa. Sai abin da wuta za ta bi. Can suna amfani da salatif na jan ƙarfe. Mu takardar alminiyam ta naɗe abinci muke yankawa siri-siri mu manna a kwali. Ɗaliba za ta ja layi biyu da ba sa taɓa juna. Doguwar ƙafar ƙwan ta hau layin da ya tafi fuskar batirin mai alamar ƙari, gajeruwar ta hau ɗayan. Sai a lanƙwaso kusurwar kwalin a kan batirin, in an danna ya kawo wuta, in an saki ya ɗauke. Ga makunni ya samu ke nan, da hannunta ta yi shi.

Gab da ƙaramar Sallah na sa 'yan aji biyu su yi katin barka da Sallah da jinjirin wata da tauraro, a ɓoye ƙwan a bayan tauraron. Wata yarinya da ke zama can baya, wadda ba kasafai ake jin muryarta ba, nata ya ƙi kamawa. Ban karɓa na gyara mata ba. Ta bi layin da ɗan yatsa tun daga batirin, a hankali, har ta iso kwana inda ta yanke alminiyam ɗin ta ɗora wani a kai, gam ya shiga tsakaninsu. Ta ɓamɓare, ta yanko dogo guda ta lanƙwasa shi a kwanar ba tare da ta yanke ba, ta danna. Tauraro ya haska. Ta ɗago ta ce, “Malama, ashe hanyar ce ta katse.” Wannan shi ne abin da na shafe makonni ina rubutawa a allo game da buɗaɗɗiyar da'ira da rufaffiya, ga shi ta faɗe shi da bakinta. Gani ya kori ji.

Ni a wurina ƙin kamawar nan ita ce zuciyar darasin. In ƙwai ya ƙi haske, yaro zai duba ko ya juya ƙafafun, domin LED ta hanya ɗaya kawai take barin wuta ta wuce. Zai duba ko layukan biyu sun gogi juna, abin da masu gyaran wuta ke cewa shot, wanda ke shanye batiri ba tare da ƙwan ya ga komai ba. In ya jera ƙwai biyu bi-da-bi a layi guda, ba za su kama ba, saboda jan ƙwai ɗaya yana son kusan bolt 2, biyu kuwa sun fi ƙarfin batirin. In ya ɗora su kafaɗa da kafaɗa a tsakanin layuka biyun, duk za su kama. Har akwai abin da yake ba su mamaki: a haɗa ja da shuɗi a batiri guda, sai jan ya haska, shuɗin ya dushe ko ya ƙi sam, domin shuɗi da fari kusan bolt 3 suke nema. Ko fensir ma malami ne. A goga layi mai kauri da fensir mai laushi irin 6B, a sa batiri mai bolt 9, a riƙa jan ƙafar ƙwan tana nisa a kan layin, za a ga hasken yana raguwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sake mamakin me ake nufi da turjiyar wuta ba.

Sai batun ƙyalle, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyata da ɗinkin hula ta riƙe mu. Na tashi ina kallon yadda take ƙirga zare, yadda layinta ba ya karkacewa, yadda take ɗaure ƙulli a bayan hula ta datse wutsiyar tsaf. Edita, wannan natsuwar ita ake buƙata wajen ɗinka da'irar wuta. Layi biyu su tafi kusa da juna kada su haɗu, ɗinki ya matse ƙafar ƙwan sosai, kada a bar wutsiyar zare tana lilo ta taɓo ɗaya layin. 'Yan matanmu da yawa sun iya wannan tun kafin su shiga sakandare, a gidajensu suka koya. Muna da dubban mata a Zariya da Kano da Katsina da Maiduguri masu wannan gwanintar, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa rabin aikin lantarki yana hannunsu.

Zare mai ɗaukar wuta, wanda ake yi da siraran zaruruwan ƙarfe, yana da wuyar samu a kasuwanninmu. Abin da muke yi shi ne mu feɗe tsohuwar wayar wuta mu zaro siraran jan ƙarfen da ke ciki, a shimfiɗa a kan ƙyallen, a bi da zaren ɗinki ana danne shi, yadda masu surfani suke kwantar da zaren ado. Ƙafafun ƙwan a naɗe su da filaya su zama zobe don allura ta samu wurin shiga, a yi wa doguwar alama kafin a naɗe. Botin ƙarfe mai maƙalewa na rigar jarirai shi ne makunni: in an maƙala, wuta ta kawo. Sai dai a kula, zaren kwalliya mai ƙyalli da ake sayarwa galibi roba ce a jikinsa, wuta ba ta binsa, haka ma wasu ledojin biskit masu kama da alminiyam. A gwada kafin a fara. Wata ɗaliba ta ɗinka wa jakar littattafanta ƙwai a ciki, don ta riƙa ganin biro da daddare.

Na san wasu iyaye za su ce wannan ai wasan yara ne, a koya musu abin da zai fito a jarrabawa. Da'irar wuta tana cikin manhajar kimiyya da fasaha ta matakin farko, kuma wanda ya haɗa da hannunsa ya fi wanda ya haddace riƙewa. Ban da haka, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaranmu maza sun daɗe suna ƙera motar gwangwani su sa mata fitila, kuma kowa ya tuna fitilar nan ta faifan CD da katako da matasa suka riƙa haɗawa suna sayarwa a bakin titi. Basirar tana nan a unguwa, makaranta ce ba ta buɗe mata ƙofa ba, su kuma mata an bar su a gefe.

Akwai gargaɗi da ba zan tsallake ba. Wannan aiki da ƙaramin batiri kawai ake yin sa, kada yaro ya kusanci soket da sunan gwaji, wutar gida kisa take yi. Batirin kwabon kuma haɗari ne babba ga ƙananan yara. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, don haka asibiti za a nufa nan take, ba jira. Ni ƙirga su nake yi kafin darasi da bayansa, kuma ba na barin a tafi da su gidan da ke da masu rarrafe sai an liƙe su ruf. A cire batiri kafin a wanke ƙyallen.

Roƙona ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da kwalejojin horar da malamai da Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya shi ne, in za a yi bitar malamai, a ware ko da yini guda kowa ya zauna da almakashi da allura ya haɗa da'irarsa har ta kama. Cibiyoyin koyar da mata ɗinki da makarantun Islamiyya na matan aure su ma za su iya sa shi cikin darussansu. Shugabannin makarantu kuma su ajiye kwali ɗaya a ofis, a ce wa yara duk mai matacciyar tocilan ko tsohuwar wayar wuta a gida ya kawo, kafin zangon karatu mai zuwa kayan aji guda sun taru.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wata malamar kimiyya a ƙaramar sakandaren 'yan mata, Zariya.