Wasiƙar Iyaye, Zango Na Uku: Maganar Bangon Mujallar Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu maza da mata da masu riƙon yaranmu. Da fatan kowa yana lafiya, ya ruwa, ya haƙuri da yaran. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wasiƙar wannan karon kusan duk a kan mujalla take, don Allah a daure a karanta har ƙasa, kar a tsaya a layi biyun farko gobe a zo guruf ana tambayata abin da na riga na rubuta.

Tun da aka liƙa samfurin bangon a allon sanarwa wayata ba ta huta ba. Wasu sun tako har ofis, na kuma gode musu don haka ya kamata, wasu sun aiko, wasu kuma a guruf ɗin PTA suka buɗe zancen da tsakar dare, abin da ba na so ke nan kun kuma sani. Maganar dai ɗaya ce, wai me ya sa hoton Baba mai gadi ne a bango, ba Alhaji mai makaranta ba, ba yaron da ya zo na ɗaya ba, ba 'yan SS3 masu fita ba. To ga amsata a rubuce kowa ya gani: bangon nan yana nan yadda yaran suka tsara shi, ba wanda zai taɓa shi. Alhaji da kansa ya gani ya sa albarka, saboda haka kar wani ya sake yi min magana da sunansa.

Bari in faɗa muku yadda aka yi har aka zo nan, don wasunku sun ɗauka malamai ne suka zauna suka zaɓa. A'a. Yaran kulob ɗin 'yan jarida, 'yan SS1 da SS2 da wasu ƙalilan daga JSS3, an raba su gida uku kowane gida ya kawo bangonsa. Na farko sun jera hotunan 'yan SS3 gaba ɗaya a fuskar takarda, kowace fuska ta koma kamar ƙwayar gero, ko uwar da ta haifi yaro sai ta sa tabarau kafin ta gane nata. Na biyu sun zana dagi da irin adon da ake yi wa bangon tsofaffin gidajen cikin birni, ya yi kyau ƙwarai, shi ne ma za ku gani a bangon baya, sai dai bai faɗa wa mai karatu me ke cikin mujallar ba. Na uku suka kawo hoton Baba a bakin get da sassafe, hannunsa ɗage ya tsayar da mai adaidaita don ƙananan yara su tsallaka, saboda babban labarin mujallar bana hirar da suka yi da shi ce. Malamin zane ya sa aka manna ukun a bangon aji, ya ce kowa ya koma can ƙarshen ajin ya tsaya ya faɗi wanda ya fara kama masa ido da kuma wanda zai iya karanta sunansa daga can. Daga nan suka kaɗa ƙuri'a a takarda. Ni ba ni da ƙuri'a, malamai ma ba su da ita.

Kuma wallahi da za ku ji dalilan da yaran nan suka bayar da kun yi alfahari da su. Yarinyar da suka zaɓa edita, 'yar SS2 ce, ta tsaya gabana ta ce Malama bango hoto ɗaya yake so mai ƙarfi, sannan a bar fili a saman kan mutum inda sunan mujalla zai zauna, domin ko an tara kwafi wani kan wani ko an soka ta cikin wasu takardu saman ne ake fara gani. Kanun labarai uku kacal suka sa, duk a gefen hagu, babba ɗaya ƙanana biyu, ba su bari rubutu ya hau fuskar Baba ba. Kala biyu suka ɗauka daga yunifom ɗinmu, samfurin haruffa ma biyu, ɗaya na kanu ɗaya na cikin labari, alhali a farkon zango in kun ga abin da suke yi kowane layi da kalarsa da nasa salon. Wannan koyon shi ne abin da muke nema, shi ya sa ba zan bari a zo a rusa musu ba bayan sun gama.

Abin da ya ɓata min rai kuwa, kuma zan faɗe shi, shi ne kalmar da wani ya rubuta a guruf cewa mai gadi bai kai a sa shi a bango ba. Haba jama'a. Bawan Allahn nan yana bakin get ɗin nan tun kafin a gina ajujuwan bene, ya san yaranku da sunansu, ya san wanda ake zuwa ɗauka da wanda ke tafiya da ƙafa, in aka manta da yaro har bayan magariba shi ke zaune da shi. Yaranku da kansu suka ga ya isa a girmama shi, suka je suka durƙusa suka nemi izininsa kafin su ɗauki hoton. Kuma ku sani yara suna leƙa wayoyinku, sun karanta abin da aka rubuta. Wanda ya yi ya san kansa, ina roƙonsa ya goge, ya kuma samu Baba ya gaishe shi.

'Yan SS3 ba a manta da su ba, su aka ba tsakiyar mujalla, shafi na 12 da na 13, kuma nan ne wuri mafi kyau a ciki don takarda ɗaya ce shimfiɗe, hoto ba ya rabuwa biyu, kuma mai kala ne. Waɗanda suka yi fice a jarrabawa da musabaƙa da ƙwallo suna da shafinsu.

Sai masu cewa a ƙara musu shafi ɗaya na taya murna za su biya. Mun gode da niyya, amma abin ba haka yake tafiya ba. Takardar A3 ake bugawa gaba da baya a ninke ta biyu ta ba da shafi huɗu na A4, a jera su a ɗinke da waya a tsakiya, saboda haka shafuka hurhuɗu suke tafiya. Namu 24 ne ban da bango, wato takarda shida, in an ƙara ɗaya sai an kai 28, kuɗin takarda kuwa kowa ya san inda ya kai. Yaran sun ware rabin shafi biyu a baya don gaisuwar iyaye da tallar 'yan kasuwarmu, wanda ya riga biya wajen akanta shi ya samu. Bango da tsakiya ne kaɗai masu kala, sauran baƙi da fari, haka aka amince a taron PTA kuma da yawanku kuna wurin.

Yanzu ga abin da muke nema a wurinku, nan ne kuma aikin ya tsaya cak.

Fom ɗin izinin sa hoto da muka ba kowane yaro, har yau wasu ba su dawo da shi ba, musamman 'yan JSS. Eh ko a'a ne kawai sai sa hannu. In uba ko uwa ba sa son a buga hoton 'yarsu ko ɗansu, haƙƙinsu ne, ba wanda zai tambaye ku dalili, sunan yaro da rubutunsa za su fito ba hoto. Amma shiru ba amsa ba ce, duk wanda fom ɗinsa bai iso ba zuwa Juma'ar nan za mu ɗauka a'a ya ce, kar kuma ranar walima a zo ana min fushi an duba ba a ga yaro ba. Lambar waya ko adireshin gidan wani yaro ba za su shiga mujalla ba ko kusa.

Hotunan da kuke turowa na 'yan SS3 kuma, yawancinsu ba za su buga ba. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, a waya sai ka gan shi tas, in ya hau takarda sai ya fito dishi-dishi. Ɗab'i yana son ɗigo 300 a kowane inci, shi ya sa Malamin kwamfuta yake ta nanata a turo hoto a matsayin dokumen, ko a kawo a filashi, kuma asalin hoton, ba wanda aka kwafo daga sitatus ɗin wani ba. A bar sa masa fulawoyi da wannan abin da ke mayar da fuska fari fat, yaro ya fito da kamanninsa da Allah ya ba shi. Wanda ba shi da hoto mai kyau kar ya damu kar ya kashe kuɗi, ranar Talata za a ɗauka a nan ƙarƙashin darbejiya da safe kafin rana ta yi zafi, a zo da yunifom wankakke a goge.

Abu na uku, na ji an kai shafin wani yaro bizines santa an biya an tsara masa a CorelDraw. Shafin ya zo da kyau ba musu, amma da aka ce yaron ya matsar da hoto ɗaya gefe sai ya tsaya yana kallon kwamfuta. Mun mayar da shi, ya zauna da abokan aikinsa ya sake da hannunsa, kuma na biyun ne zai fito. Ku taimaka musu da data da caji da karanta abin da suka rubuta, ku gyara musu in sun yi kuskuren tarihi ko suna, amma aikin a bar musu. Haka hoton da aka ɗebo a intanet ba a san mai shi ba, ba ma sa shi. Duk hoton da yaranmu suka ɗauka akwai sunan yaron da ya ɗauka a ƙasansa.

Dole in yaba wa Malamar Hausa a gaban kowa. Kun tuna abin da ya faru da mujallar bara, da aka kai wurin ɗab'i aka buɗe a wata kwamfutar da ba ta da samfurin haruffanmu, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke suka koma 'yan akwatuna, har a cikin sunayen yara, iyaye suka ji haushi kuma da gaskiyarsu. Bana ita ta tsaya kai da fata sai da aka zaɓi haruffa masu ƙugiya, Charis SIL a cikin labari, Noto Sans a kanu, sannan ta koya wa yaran su fitar da aikin a PDF da haruffan a kulle a ciki yadda ba inda za a buɗe ya canza. Da jan biro ta bi kowane layi, a gidanta, bayan ga nata yaran. Allah ya saka mata da alheri. Ita ce kuma ta zaunar da su ta ba su tarihin cewa a garin nan namu na Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, daga baya aka kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945, lokacin da haruffan ƙarfe ake jerawa kafin a buga shafi guda. Tun daga ranar yaran suka daina ɗaukar abin wasa. Masu cewa wannan ɓata lokacin karatu ne, su tuna ga ABU nan Samaru ana karanta aikin jarida da zane da tsara ɗab'i har digiri, kuma duk kalanda da fosta da katin biki da kuke biya a yi muku, wani ne ya koyi wannan aikin yake cin abinci da shi. Malamin kwamfuta shi ma ya yi ƙoƙari, da laftof ɗinsa ake aiki duk ranar da babu wuta. Malamin Islamiyya ya rubuta mana shafi guda da ajami da hannunsa aka yi sikanin, ku nuna wa kakanni, za su ji daɗinsa.

Wannan karon ba za a buga ko kwafi ɗaya ba sai an kawo mana na gwaji mun gani a takarda, don kalar da ke haske a fuskar kwamfuta takan yi duhu in ta koma tawada, musamman fuskokin mutane. Yaran sun bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, edita da mataimakinta za su bi Malamin zane su je su gani da idonsu yadda ake bugawa, iyayensu sun riga sun amince.

'Yan kulob za su riƙa tsayawa Talata da Alhamis har bayan la'asar zuwa ranar da za a miƙa aikin, a nan za su yi salla, a zo ɗaukarsu ƙarfe huɗu da rabi, ba biyar da rabi ba. Dokar hana zuwa da waya tana nan, kar yaro ya ce muku don mujalla ne, da kyamarar makaranta ake aiki.

Sauran a taƙaice. Masu ragowar kuɗin makaranta su ga akanta kafin a fara jarrabawa, na gaji da aika takarda. 'Yan NECO su riƙa zuwa da katinsu kullum. Makara ta dawo, bakwai da rabi ake rufe get. Ruwa ya sauka, a sa wa ƙanana rigar sanyi a kuma kwana cikin gidan sauro, yaron da ke zazzaɓi a kai shi asibiti kar a turo mana shi da fanadol a aljihu. Hijabi da safa kalar da aka sani. Ranar walimar yaye ɗalibai za a raba mujallar, kowane gida kwafi ɗaya, katin gayyata na nan tafe ta hannun yara.

Fom dai, Juma'a.

Wassalam,
Taku,
Shugabar makaranta