Tankin ruwan sha a jirgi: a kankare yauƙi kafin a zuba bilic

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da 'yan uwanmu masunta da masu jigilar mutane a madatsar ruwan Dadin Kowa, kan ruwan shan da ake ɗauka a durom da jarkoki cikin jirgi.

Yawancin mutane sun ɗauka idan an ɗauraye tanki an zuba ɗan Hypo, shi ke nan an gama. Sam ba haka ba ne. Duk wanda ya zura hannu cikin durom da ya yi wata biyu ba a wanke ba zai ji santsi a jikinsa. Wannan yauƙi shi ne gidan ƙwayoyin cuta, kuma bilic ba ya ratsa shi, samansa kawai yake ci. Bayan kwana kaɗan sai wari ya dawo, sai a ce maganin ne ba shi da kyau.

Don haka a fara da juye ruwan duka, a kankare ciki da buroshi mai tauri da ruwan omo, musamman ƙasa da lungun da laka ke kwanciya, sannan a ɗauraye har kumfa ya ƙare. Jarka da hannu ba ya shiga, a zuba mata tsakuwa wankakkiya da ruwa rabi a jijjiga sosai. Tiyo kuwa, idan cikinsa ya yi baƙi ko kore, a jefar da shi a sayi sabo, wanke shi ɓata lokaci ne.

Sai maganar awo, inda aka fi yin kuskure. Jik da Hypo na kasuwa ƙarfinsu kashi 3.5 ne cikin 100. Ana so mililita 1.5 ga kowace lita ta ruwa: jarka mai lita 25 cokali biyu da rabi na cin abinci, durom mai lita 200 mililita 300, tanki mai lita 1,000 kuma lita 1.5. Mai garin HTH, wato bilic na gari mai ƙarfi, cokalin cin abinci ɗaya shafaffe ya ishi durom. A dama maganin a bokitin ruwa tukuna kafin a juye, a cika tankin maƙil domin ruwan ya taɓa sama da murfi. Idan jirgin yana da famfo, a buɗe kowane baki har a ji warin bilic ya fito, sannan a rufe. In akwai matatar gawayi a cire ta, domin tana shanye maganin kafin ya isa bututu.

A bar shi aƙalla awa 4. Tankin ƙarfe, musamman na alminiyam, kada ya wuce yini guda, domin bilic yana cin sa ya huda. Daga nan a juye, a ɗauraye sau biyu da ruwa mai tsabta.

Wannan ruwan wanki kada a juye shi cikin madatsa. Yana kashe kifi, musamman ƙanana da ke gaɓa, kuma abincinmu ke nan gaba ɗaya. A kai shi tudu nesa da ruwa. Haka kuma kada a haɗa bilic da Harpic ko wani abu mai asid, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Bilic mai turare na tufafi ne, ba na tankin ruwan sha ba. Wanda ya daɗe a rana a shago ƙarfinsa ya ragu, a duba kwanan watan jikinsa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne jarkar da aka taɓa zuba fetur, gas ko maganin feshin gona a ciki, ana wankewa ana zuba ruwan sha. Roba tana tsotse waɗannan abubuwa, babu sabulu ko bilic da zai fitar da su. A ware jarkar ruwa daban, a ɗaura mata tsumma mai launi don kada yara su haɗa ta da ta mai.

Tsabtataccen tanki ba ya gyara gurɓataccen ruwa. A cika daga famfo ko burtsatse. Idan dole sai ruwan kogin Gongola, a sa alif ya kwanta, a tace da farin ƙyalle, a zuba maganin tsarkake ruwan sha bisa awon da ke jikin kwalbarsa, a jira minti 30. Da damina, lokacin amai da gudawa, a riƙa wannan wanki kowane wata, da rani kuma bayan wata uku. A rufe durom da buhu ko tamfol, domin hasken rana ne ke haifar da gansakuka a farin tanki. Kofin da kowa ke tsomawa da hannun kifi kuwa, a maye gurbinsa da kan famfo a ƙasan durom.

Daga wasu masu gyaran famfo da injin jirgin ruwa,
Dadin Kowa, Yamaltu-Deba, Jihar Gombe.