Ba gadin tantuna Eisenhower ya yi a 1918 ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na tarihi na daren Lahadi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da yadda mai gabatarwa ya ce wai a Yaƙin Duniya na Ɗaya an bar Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka, a gida yana gadin tantuna, sannan shi da baƙonsa suka tuntsire da dariya. Wannan dariya ba Eisenhower kaɗai aka yi wa ba, har da duk wanda aka taɓa tsare shi a bariki domin ya horar da kurata alhali 'yan uwansa suna bakin daga, kuma ina cikinsu.

Da mai gabatarwar ya yi bincike kaɗan, da ya san abin da aka ɗora wa mutumin nan a sansanin Camp Colt da ke Gettysburg, jihar Pennsylvania. A watan Maris na 1918 aka ba shi sansanin yana kyaftin ɗan shekara 27, shekara uku kacal da fitowarsa daga makarantar hafsoshi ta West Point, aka ce ya horar da sojojin tankar yaƙi. Mutanen da suka taru a hannunsa sun kai wajen dubu goma, amma watanni suka shuɗe babu tanka ko ɗaya a sansanin, kuma da ƙaramar tankar Renault ta Faransa ta iso, ko bindiga babu a kanta. Sai ya sa aka ɗaure mashinga a bayan manyan motoci, ana gudu da su ana harbi, domin yara su saba da harbi a kan abin da ke motsi. Ana cikin haka annobar mura ta 1918 ta faɗa wa sansanin, ta kashe sojoji fiye da ɗari, shi ne kuma ya tsaya kan keɓe marasa lafiya har ta lafa. An riga an ba shi umarnin tafiya Faransa a watan Nuwamba, sai aka tsagaita wuta ranar 11 ga watan, kafin jirginsa ya tashi. Ina gudun yaƙi a nan?

Ni na san wannan aiki, domin a lokacin yaƙin basasarmu ina cikin masu ba da horo a Zariya. Ana sauke mana samari daga motoci, wasunsu ba su taɓa sa takalmi ba, har za ka ga kurtu ya rataya but ɗinsa a wuya yana tafiya ƙafa ba takalmi saboda ya sale masa dunduniya. An taƙaita lokacin horo saboda ana jiran mutane a bakin daga, don haka dole cikin 'yan makonni ka koya wa yaro kwance bindiga da haɗa ta a cikin duhu, ka koya masa ya kwanta idan ya ji harbi maimakon ya ruga. Kwamandanmu, Allah ya jiƙansa, tun kafin asuba yake zagaya kicin da bayan gida da wurin ɗiban ruwa, domin ya san gudawa kaɗai tana iya kwantar da mutane fiye da harsashi. Na nemi a tura ni gaba, aka ce nan aka fi bukatata, na haɗiye. Abin da ya fi ciwo shi ne jin labarin rasuwar yaron da kai ka koya wa fareti, ka kwana kana tambayar kanka ko akwai abin da ka rage masa. Wanda bai ɗanɗani wannan ba, bai kamata ya zauna gaban makirufo yana dariya ba.

Baƙon naku ya yi mamakin yadda wanda bai taɓa jagorantar sojoji a fagen fama ba ya zama babban kwamandan dakarun ƙawance da suka sauka a gaɓar Normandy ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu. Ni ban ga abin mamaki ba. Ciyar da dubban mutane da tufatar da su da kai su inda ake so a kan lokaci, shi ne abin da ya fara koya a Gettysburg. Bayan yaƙin farko an mayar da shi ƙaramin muƙami, ya shekara 16 yana manjo, ya yi aiki ƙarƙashin Janar MacArthur har a ƙasar Filifins, bai ajiye kaki ba. Ko a farar hula ma hannun mai tsara sansani ake gani. A 1919 ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, tafiyar da ta ci kwana 62 saboda lalacewar hanya, kuma da ya zama shugaban ƙasa shi ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin Amurka a 1956. Kafin nan ya shugabanci Jami'ar Columbia daga 1948, ya kuma riƙe dakarun NATO. Duk wannan shirinku ya tsallake shi da jimla biyu.

Ba ina cewa waliyyi ba ne. Makircin da gwamnatinsa ta ƙulla wa Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, a 1960 tabo ne, kuma da a kan wannan kuka caccake shi, da ban ce uffan ba. Kun bar laifin gaske, kun kama abin da ba laifi ba.

Wani abu kuma, kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai magana ya cika ƙara, mu masu shekaru sai mun manna rediyo a kunne kafin mu tsinci abin da ake faɗa. A rage shi don Allah.

Ina roƙon ku karanta wannan wasiƙa a shirin mako mai zuwa, a daidai lokacin da aka yi waccan dariya, kuma ku gayyato ɗaya daga cikin tsofaffin masu horar da kurata ya yi bayani da bakinsa, tun muna da sauran numfashi.

Naku,
Saje mai ritaya, Zariya