Sabon tsarin bas ya takura fasinjoji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili kan canjin hanyoyin bas da aka yi mana a gari. Da bas ɗaya ke kai mutum aiki, yanzu sai ka sauka rabin hanya ka jira wata, ka sake biyan kuɗi, in ta zo ma maƙil take, kwandasta ya ɗaga hannu direba ya wuce abinsa. Tashar bakin asibiti ma an ɗauke ta, tsofaffi da masu juna biyu sai sun taka cikin rana, wallahi abin ba daɗin gani. Muna roƙon hukumar sufuri ta dawo da tashar nan, kuma tikiti ɗaya ya isa ko an canja mota.

Naku,
Wani fasinja